Ɓatan Takardun 'Yan Ajin Ƙarshe

Ranar Litinin da hantsi aka kai wa Sufeto Yusha'u rahoto cewa an sace takardun jarrabawar 'yan ajin ƙarshe a Sashen Tarihi na wata kwaleji mai zaman kanta da ke hanyar Katabu.

Shugabar sashen, Dakta Aziza, ta tarbe shi ta kai shi gaban kabad ɗin ƙarfen da ake ajiye takardu.

"Jibi malamin da zai tantance mana sakamako zai iso daga Zariya," in ji ta. "Aikinsa ya ɗauki takardun ɗalibai ya gwada su da makin da muka bayar. In babu takardun ba zai sa hannu ba, yara arba'in da uku ba za su gama bana ba."

Sufeto ya durƙusa ya duba kwaɗon. Ba a ɓalle shi ba, ko ƙwarzane babu. A ciki ambulan goma sha ɗaya ne a jere, da gurbin guda ɗaya.

"Wanne ne babu?"

"Na darasin Malam Zakariyya."

"Su wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da shi. Shi ne jami'in jarrabawarmu."

Malam Zakariyya dattijo ne mai furfura, shekararsa ashirin da takwas yana koyarwa. Rabin malaman sashen ɗalibansa ne. Sufeto ya same shi a ofis zaune, hannuwansa a kan tebur.

"Malam, ina makullinka?"

"Ga shi. Amma ranar Juma'a na manta shi a nan na tafi masallaci. Ban so in ambaci sunan kowa ba. Da zan fita na bar wani ɗalibi a bakin ƙofa, Jamilu. Ya faɗi darasina, tun lokacin yake ta zarya."

Kafin azahar kwalejin ta dakatar da Jamilu. Sufeto ya bi shi har Rafin Guza, inda yake ɗinki a shagon mahaifinsa. Da ya ga kaki sai ya tsayar da keke, bai yi yunƙurin gudu ba.

"Ka je ofishin Malam ranar Juma'a?"

"Na je, yallaɓai. Wannan na kai."

Ya zaro kwafin wata takarda daga aljihu. Koke ne, yana roƙon a sake duba jarrabawarsa, ga hatimin sashen a kai.

"Shafi goma sha ɗaya na rubuta, aka ba ni talatin da takwas. So nake wani ya karanta. In takardata ta ɓata, ai ni na fi kowa asara. Fiddausi 'yar ajinmu ma da ba ta zo jarrabawar ba ta fi ni maki."

Sufeto ya koma kwalejin ya nemi takardar da ɗalibai suka sa hannu ranar jarrabawar, ya ajiye ta kusa da jerin maki. Sa hannu arba'in da biyu, maki arba'in da uku. Fiddausi tana asibiti ranar, ta haihu, amma ga sittin da ɗaya a gaban sunanta.

"Wa ya buga wannan jerin?" ya tambayi Dakta Aziza.

"Sakatariyarmu. Ta ce Malam ne ya zauna yana faɗa mata tana bugawa."

"Yana karantawa daga takarda?"

Dakta Aziza ta kira ta a waya, ta saurara, sannan ta sauke wayar a hankali. "Ta ce da ka."

Da la'asar Sufeto ya sake shiga ofishin Malam Zakariyya, Dakta Aziza na biye da shi. Ya miƙa masa takarda.

"Ga bayaninka na ɗazu, an buga. Karanta, in daidai ne ka sa hannu."

Malam ya karɓa, ya daɗe yana kallonta, yana gyaɗa kai.

"Haka na faɗa. Ina zan sa hannu?"

"Malam," in ji Sufeto a hankali, "wannan jadawalin darussa ne."

Dattijon ya ajiye takardar, ya cire tabarau.

"Shekara biyu ke nan idona yana tafiya," ya ce. "Darasi yana kaina, koyarwa ba ta gagare ni ba. Rubutu ne ba na gani. Saura shekara ɗaya in yi ritaya, na ji tsoro a sallame ni a ce na zama kaya. Sai na riƙa ba kowa maki gwargwadon yadda nake jin sa a aji."

"Jamilu fa?"

"Yana yawan yi mini musu. Na ɗauka bai gane ba ne."

"Ina takardun?"

"Suna gidana a Kinkinau. Ko jan biro ɗaya babu a jikinsu. Da baƙon nan na Zariya ya buɗe zai gane, shi ya sa na ɗauke."

Dakta Aziza ta juya fuska tana share ido da gefen mayafi. "Malam, da ka gaya mini, ni da kaina zan riƙa karanta maka."

"Na sani, Aziza. Girman kai ne."

Sufeto ya rufe littafinsa. "Ciwon ido ba laifi ba ne, Malam. Amma ka ɗauke takardu, ka kuma ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Za mu biya gida mu ɗauko su, daga nan mu wuce caji ofis."

Malam Zakariyya ya miƙe, ya laluba ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"A fara duba ta Jamilu. Ko nawa ya ci, a zo a gaya mini."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Da suka iso matakala ya ga dattijon yana neman ta farko da ƙafa, sai ya kama hannunsa, suka sauka ɗaya bayan ɗaya har bakin mota.