Haruffa Masu Dunduniya

Tana goge ƙurar kwamfuta ya shigo gidan ɗab'in da take aiki, hannun rigarsa duk alli. Malamin ajin manya ne, yana so a buga masa allunan karatu na manna wa bango. Ya nuna wasu siraran haruffa masu lanƙwasa a jikin wani tsohon kati, ya ce irinsu yake so.

"Shekarun ɗalibanka nawa?" ta tambaye shi.

"Autarsu ta haura hamsin."

"So kake ka ƙarasa musu idon?"

Ta buɗo masa wasu haruffa masu kauri, baƙaƙe wuluk, kowanne tsaye kan faffaɗar dunduniya kamar an yanko shi daga tubali. Ta ce ba a doguwar wasiƙa da su, sun cika nauyi, amma a jikin allo ko kanun labari, daga tsallaken titi ake karanta su. Ta nuna masa yadda ƙugiyar ɗ da ta ɓ suke fita ɓaro-ɓaro.

Allo shida ya zo nema, amma ya yi sawu ya fi ashirin. Kafin wata ya zagayo ya laƙaba mata Dunduniya, ita kuma tana ce masa Malam Alli.

Da maganar aurensu ta kai gida, Babanta ya girgiza kai.

"Mai koya wa tsofaffi baƙi da wasali? Ga ɗan maigidanku na wurin aiki nan, kullum sai ya tsaya ya gaishe ni."

Ta tashi ta shige ɗakinta.

Wata ranar Laraba Malam ya zo bai same ta ba. A kan teburinta ya ga samfurin katin biki, ruwan zinare, da sunan ɗan maigida, gurbin amarya kuma ba a cike ba. Ya juya. Kwana tara ba ta ji ɗuriyarsa ba, ta ci gaba da aikinta, sai dai sau biyu tana ɓata takarda. A na goma saƙo ya shigo:

"Na ga katin. Allah ya sanya alheri."

Ta rubuta masa: "Ka ga haruffan kuwa? Sirara kamar tsinken sakace. Wata biyar kana zama a gabana, ka zaci zan sa sunana cikin waɗannan? Ɗan maigida ai 'yar kawunsa zai aura."

"Dunduniya, na tuba. Ashe kishi ya fi tsufa kashe ido."

Saura Baba. Shi kuwa Gwaggo, babbar yayarsa, ce ta gama da shi, domin ashe a ajin Malam take. Ta zo da littafinta a ɗaure bakin gyale, ta zauna tsakar gida ta rubuta sunanta, harafi bayan harafi, tana cije harshe.

"Shekara sittin ina dangwala yatsa kamar mai laifi. Yaron da ya raba ni da wannan za ka hana 'ya?"

"Yaya, ai ni ban hana ba."

"To me ka yi?"

Baba ya sosa ƙeya.

Bayan wata biyu aka ɗaura. Gwaggo ce ta kama hannun amarya har ɗakinta, ta damƙa wa ango.

"Ga ta nan, amana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Amma fa ranar Litinin akwai aji, kar ka ce angwanci."