Tozon Wule

"Ke Laraba, huda ƙwaryar nan za ki yi ne? Tun ɗazu kike wanke ta!"

Inna ce ke magana, tana kaɗa nono a ƙofar bukka. Laraba ta sunkuyar da kai tana dariya, amma ba ta daina goga ba. Yau Wada zai zo rugarsu da ke gefen Burumburum, ya gaida mahaifinta, Baffa Hamman, karon farko.

A kasuwar Tudun Wada suka saba. Ita tana tallar nono, shi yana kan teburin babansa yana yankan nama. Kullum sai ya sayi ludayi biyu, ya sha ɗaya, ya tsaya surutu har ƙuda su rufe na biyun. Matsalar ɗaya ce — Wada ɗan mahauta ne. A cikin gari ma ba kowa ke ba mahauci 'ya ba, balle Fulani! Uwar Wada ita ma ta sha mita: "'Yar daji? Wadda gidansu ke tashi a bayan takarkari?"

Abu ɗaya ya rage wa Laraba farin ciki ranar, kewar Wule. Wule saniyarta ce mai farin goshi, Baffa ya ba ta ita tun tana 'yar mitsitsiya. Bazarar bana ta yi tsanani, hatsi ya ƙare a ruga ƙaf. Shekaranjiya Baffa ya kora Wule, ya ce zai kai ta wurin ƙanensa a Doguwa, can ciyawa ta fi. Ya dawo da dawa a kan jaki. Laraba ba ta tambaya ba.

Da hantsi sai ga Wada cikin farar riga. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baffa, ina kwana? Yaya dabbobi?"

"Lafiya."

Shi ke nan amsar. Wada ya share gumi da hankici, ya tura wani ƙunshin ganye gaban dattijon.

"Ga ɗan abin gaisuwa, Baffa. Tozo ne. Mu a gidanmu ba a kai wa kowa tozo sai wanda ake gani da girma, kamar liman ko dagaci."

Hamman ya dubi ƙunshin, bai taɓa ba. Shirun ya yi wa Wada yawa, sai bakinsa ya kama zuba, ya shiga yabon saniya irin yadda mahauta ke yi.

"Jiya muka yanka ta. Tsohuwa ce, mai farin goshi, ƙahon hagu ya ɗan karye. Amma duk bazarar nan tozonta bai faɗa ba! Na ce wa Baba, wallahi wanda ya yi kiwon wannan ya so ta —"

Fas! Ƙwaryar nono ta suɓuce daga hannun Laraba, wadda ke tahowa daga bayan bukka.

"Baffa! Ai ka ce Doguwa! Ka ce Doguwa ka kai ta!"

Hamman ya miƙe. Bai iya duban 'yarsa ba, sai ya juya kan baƙo.

"Tashi! Ɗauke abinka! Mu mu raya, ku ku yanka, sannan ka kawo mini ita cikin ganye har gida? Kada in sake ganin ƙafarka a nan, ɗan fawa!"

"Baffa, wallahi ban sani ba... ban san taku ba ce..."

"Na ce tashi!"

Kwana uku Laraba tana kuka. Ga Wule ta tafi, ga Wada ya tafi, ga Baffa ya yi mata ƙarya. A rana ta huɗu Inna ta zaunar da ita.

"Baffanki ba haushin Wada yake ji ba, 'yar nan. Haushin kansa yake ji. Tuwon da kika ci jiya, daga ina kike tsammani ya fito? Ya rasa bakin da zai gaya miki ne. Ki yi haƙuri da shi."

Laraba ba ta taɓa tunanin haka ba.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Ran nan a kasuwa Wada ya tare ta bayan rumfar masu gishiri, duk ya rame.

"Laraba, akwai lori mai zuwa Jos jibi. Ina da kawu can, shi zai ɗaura mana aure. Mu tafi!"

Zuciyarta ta ce bi shi! Amma bakinta ya ce, "A'a. Baffa ya rasa saniya don ya ciyar da ni. Ba zan sa ya rasa 'ya kuma ba." Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, hawaye na sauka har wuyanta.

Shekara ta zagayo, aka yi ruwan farko. Wata safiya Saye, karsanar da Wule ta bari, ta ƙwace ta faɗa gonar Malam Shitu maƙwabcinsu, ta cika ciki da gyauron dawa. Kafin rana ta ɗaga cikinta ya kumbura kamar ganga. Aka ɗura mata kanwa, aka ɗura man gyaɗa — ina! Ta faɗi, harshe a waje, ido ya juye.

"Hamman, a kira mahauci kafin ta zama mushe," in ji Malam Shitu. Bai ma jira amsa ba, ya hau kekensa.

Da wa zai dawo? Da Wada!

Laraba na ganin wuƙar ta faɗa kan wuyan Saye. "Ka yanka uwar, yanzu kuma 'yar? Wada, don Allah!"

Hamman ya kau da kai, ya ce wa Inna: "Janye Laraba. Kai kuma yi aikinka."

Wada bai nufi wuyan Saye ba. Ya zagaya gefen hagu, ya daddanna ramin da ke tsakanin haƙarƙari da ƙugu, ya kasa kunne.

"Baffa, ba ni sarewarka ta kiwo."

"Me?"

"Sarewarka, da sauri! Tun ina ƙarami nake buɗe cikin saniya, na san inda tumbi yake."

Dattijo ya zaro ta daga aljihu. Wada ya yi bismillah, ya soka tsinin wuƙa sau ɗaya, ya cusa sarewar a wurin. Fiiiii! Iska mai wari ta taso, sarewa na kuka ita kaɗai ba mai busa ta. Ciki ya dinga sacewa, ya dinga sacewa. Can sai Saye ta ja dogon numfashi, ta yunƙura, ta miƙe tana tangaɗi.

"Allahu Akbar! Yaron nan ai likita ne!" in ji Malam Shitu.

Wada ya goge wuƙarsa a ƙasa, ya durƙusa ya ce, "A sa mata toka da man shanu a wurin, Baffa. Na tafi."

Har ya kai bakin shinge, Hamman ya ce, "Tsaya." Ya shiga bukka da kansa, ya fito da ƙwaryar da shi kaɗai ke sha da ita, cike da kindirmo. Ya miƙa masa ita da hannu biyu.

"Ni na sayar da Wule, ba kai ba. Ka gaya wa babanka ya zo ran Juma'a."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Saye ce ta raka amarya cikin gari, kuma duk unguwar mahauta ba wanda ya isa ya ko kalle ta da idon ciniki. Laraba kuwa ba ta daina tuna Wule ba; duk ranar da aka kawo tozo gidan, sai ta fita tsakar gida.

Da ta hau lorin nan, da ta samu miji ta rasa uba. Haƙuri ne ya bar mata su duka biyun. Mu kuma kada mu raina mutum don sana'ar gidansu, don wuƙar da aka kora ita ce ta dawo ta ceci rai.