Wanda Bai Ga An Ci Ƙwallo Ba

Auta na tsaye a kicin tana wanke kofuna, hawaye na ɗiga cikin kumfar sabulu, sai ta jiyo muryar Mama daga falo.

"Ki faɗa wa Dogon naki kada ya wahalar da ƙafarsa zuwa gidan nan. Ni dai na gama magana."

Kwana huɗu ke nan ana wannan waƙar. Dogo shi ne saurayin Auta, shekara biyu suna tare, har manya sun shiga maganar. Aikinsa kula da filin ƙwallo. Mama ta san da haka, sai dai ita a ranta ofis ta hango, da kujera mai juyawa. Da aka ɗauke shi aiki a babbar gasar ƙwallo ta ƙasashe, ya yi wata guda a can, sai ya bugo waya baki har kunne ya ce, "Ranar fainal ku zuba ido, za ku gan ni a tsakiyar fili."

To, ita fa Mama ba a ba ta labari mai daɗi ta kwana da shi ita kaɗai. Ta gayyato maƙwabta, ta aro kujeru, ta cika firij da lemo, wai surukinta na cikin manyan da za su miƙa kofi. Ana tafiya hutun rabin lokaci kyamara ta hasko Dogo tar: takalmin roba, koriyar rigar aiki, wani ƙarfe mai yatsu a hannu, ya duƙa yana cakar ciyawa.

"Ayya," in ji wata maƙwabciya, "ashe noma ya tafi."

Falon ya kaure da dariya. Mama ta kashe talabijin ɗin, ko ƙarshen wasan ba ta bari an gani ba. Tun ranar ta rantse ba za ta ba mai yankan ciyawa 'yarta ba. Auta kuwa tana son Dogo kamar ranta, tana kuma jin nauyin uwarta, don haka sai ta ci kukanta a kicin ta wanke fuska ta fito.

Da yamma Dogo ya yi sallama, kwanansa ɗaya da sauka. Ya rame, ya yi duhu, amma fara'arsa na nan. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya ajiye ledar tsaraba a gabanta. Mama ta amsa da hanci, ledar kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Auta ta laɓe a bakin ƙofar kicin.

Yayan Auta, wanda bai da zance sai na ƙwallo, ya matso da kujerarsa.

"Oga Mai-ciyawa, barka da dawowa. Ba ni labarin ƙwallon nan ta minti na ƙarshe. Ni sai a waya na kalla, kai kuwa a gabanka aka ci ta."

Dogo ya sosa ƙeya. "Wallahi, Yaya, ban gani ba."

"Kamar yaya ba ka gani ba? Fita ka yi?"

"Ina nan a bakin layi. Ihu kawai na ji. Gaskiya ma duk gasar ban ga an ci ƙwallo ko ɗaya ba."

Yaya ya faɗi kan kujera yana dariya har da riƙe ciki. Mama ta tafa hannu. "Kun ji ko? Ko kallon ma bai iya ba."

Baba, tsohon direban babbar mota, ya cire tabarau. "To me kake kallo, ɗana?"

"Ƙasa, Baba. Kowannenmu an yanka masa yankinsa. Ana wasa, ni idona na kan ƙafafunsu. Duk inda takalmi ya ɓantare ciyawa, sai in riƙe wurin a kaina. Da an busa hutu, minti goma sha biyar gare mu. Mu shiga a jere, mu ɗaga, mu mayar, mu danne. Rami ɗaya in ya tsere mini, ƙafar wani na iya faɗawa ciki a guje, shi ke nan an karya masa sana'a. In na ɗaga kai na bi ƙwallo da ido, na ɓatar da ramukana."

"An samu wanda ya karye?"

"A yankina ko targaɗe ba a yi ba, Baba. Alhamdulillahi."

Ya juyo wajen Mama, ya ƙara sunkuyar da kai. "Mama, na ji abin da ya faru, ki yafe mini. Laifina ne da ban yi bayani ba. A wajenmu tsakiyar fili ranar fainal ba kowa ake ba ba. Sati uku na yi a can kusurwar fili kafin shugabanmu ya yarda da hannuna. Murna ce ta sa na ce ku kalla. Ban san kunya zan jawo miki ba."

Mama ta kawar da kai. "Da bakinka ka faɗa, kunya. Yau ko shago na shiga sai an tambaye ni ya gonar surukina."

Nan Auta ta kasa daurewa. Ta fito ta durƙusa a gaban uwarta.

"Mama, ban taɓa yi miki musu ba, yau ma ba zan yi ba. In kin ce a'a, na haƙura. Amma dariyar nan ta kwana nawa ce? Wata ɗaya kowa ya manta. Ni kuwa ba zan manta shi ba. Kuma bai taɓa ce mini shi wani abu ne da ba shi ba."

Baba ya gyara zama.

"Shekara talatin ina jan mota," ya ce. "In na dawo sai a ce, hanyar nan akwai duwatsu masu kyau, akwai kogi, ka gani? Ban taɓa gani ba. Kwalta nake kallo. Shi ya sa ban taɓa kai kowa asibiti ba. Ke da kika aure ni, baƙin mai ne a rigata har wuya, ban ji kin ce kunya ba." Ya nuna Dogo. "Yaron da duniya ta taru tana ihu a kansa bai ɗaga ido daga amanarsa ba, shi nake so ya riƙe mini 'ya."

Mama ta dubi hannayen Dogo, duk kanta, farce ya dushe. Ta dubi idon 'yarta da ya kumbura. Sai jikinta ya yi sanyi, don ita ma ba muguwa ba ce, son a yaba ne ya yi mata yawa.

"Ke kuma kin zauna kin zuba mini ido," ta ce wa Auta. "Mutum ya sha hanya, ko ruwa ba ki ba shi ba. Haka za ki riƙa yi masa a gidan naku?"

Auta ta miƙe da gudu, tana dariya tana share hawaye, har ta yi tuntuɓe da ƙafar Yaya. Mama ta jawo ledar tsarabar ta fara kwancewa, tana ƙunƙuni wai ɗaurin ya yi tsauri.

Bayan wata biyu aka yi auren. 'Yan mata, ku ji da kyau: da Auta ta ɗaga wa uwarta murya, da ta rasa uwar ta rasa mijin. Haƙuri da ladabi suka haɗa mata duka biyun. Iyaye kuma, in za ku auna mai neman 'yarku, kada ku auna shi da bakin maƙwabta. Ku duba yadda yake riƙe abin da aka damƙa masa, domin haka zai riƙe ta.