Dutsen Ƙofar Tayyiba

Magariba ce kamar kowace. Shafa'atu tana kwashe tuwo, mijinta Sufyanu, mai fataucin albasa tsakanin Illela da Ƙonni, yana alwala a gindin darbejiya, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano, ƙwal. Suka ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo. Na uku kuwa daga cikin sabon ɗakin ɗiyarsu Tayyiba ya fito, ya gangaro har bakin murhu. Kaji suka yi tsit.

Uwar ta ƙwala mata kira. Yarinyar ta taso, ta zo bakin ƙofa, ta tsaya cak, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Sufyanu ya sungume ta zai fitar, ya ji kamar buhun gero biyar ya rungumo. Da ya koma da ita ciki, sai ta dawo shafal. Haka aka kwana huɗu. A ɗakin take ci, a ɗakin take komai, ƙofa a buɗe, tana kallon tsakar gida tana hawaye ba murya. Yarinya 'yar shekara tara, wadda da ba ta zama wuri ɗaya!

Sufyanu ya san abin da ya yi, bai dai faɗa ba. A bayan gari akwai wata tsohuwar coci da fataken kudu suka gina tun zamanin Turawa: jan dutse, dogayen tagogi masu tsini a sama, da 'yar hasumiyar da ƙararrawarta ta daɗe da sauka. Masu ita sun koma sabon gini, rufin ya rufta, katangar makabartar da ke bayanta ta zube. Da damina, yana ginin ɗakin nan, ya ga wani faffaɗan dutse cikin ciyawar wurin, ya ɗora a amalanke. Akwai rubutun boko a jikinsa, sai ya kife shi, ya yi dokin ƙofa da shi. A ransa cewa ya yi ai ba kabarin Musulmi ba ne. Kaico, Sufyanu.

Rana ta biyar aka ɗauko Malam Zainulabideen daga Araba, tsohon da ya ƙware a ruƙiyya. Bayan la'asar ya zauna a bakin ƙofar, ya kama karatu a hankali. Can idanun Tayyiba suka juye, wani gurnani ya fito daga ƙirjinta.

"Mi kaka so ga yarinyag ga?" in ji malam.

Muryar tsoho ce ta amsa. Ya ce shi aljani ne, shekara saba'in yana maƙwabtaka da mai kabarin nan, a ƙarƙashin dutsen yake zaune.

"An ɗauko ni da gidana, an kife, an shafe da siminti. Ba ni fita, ba ta fita."

Malam ya ɗago ya dubi Sufyanu. Nan ya durƙusa ya faɗi komai. Malam ya ce masa kabari kabari ne, ɗan Adam ne kwance a ciki, kuma Allah ne ya halicce shi. Aljanin ya nemi baƙin rago, malam ya ce ba a yi wa aljani yanka, ya ci gaba da karatu har muryar ta koma magiya. Suka daidaita: dutse zai koma inda yake kafin rana ta faɗi, kuma wanda ya ɗauko shi ne zai kai shi a kansa.

Sufyanu ya sa diga ya ɓamɓaro shi. Tayyiba ta yi atishawa uku, ta tako waje tana layi, ta faɗa jikin uwarta.

Sufyanu bai tsaya ba. Ya ratsa gari da dutse a ka, mutane na kallo. Amma da ya isa, ciyawa ta shafe komai, ya rasa gurbin, ga rana ta yi ja. Tsoro ya kama shi sosai.

Sai wani dattijo ya fito daga kangon cocin, Baba Istifanus mai share wurin. Ya taimaka aka sauke, ya juya dutsen, ya goge simintin da hularsa, ya daɗe yana kallo.

"Rahila ce, ƙanwata. Shekararta tara ta rasu. Tun damina nake neman shi."

Ya nuna gurbin, suka kwantar da shi tare. Sufyanu ya faɗa masa komai, yana jiran zagi. Dattijon ya ce, "Ɗiyar taka ta fito?"

"Ta fito, Baba."

"To, madalla."

Nan Sufyanu ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da rigarsa, ya fashe da kuka.