Man Gyaɗa Ba Gyara

"Sa hannu mana, Ruwaida!"

Biro yana hannuna, amma ban kai shi kan takardar ba.

Yaya Gazali ne ya yi maganar, ɗan wan babana, ɗan kasuwar da duk Tambuwal ta san shagunansa. Yana zaune a kan kujerata yana kaɗa makullin mota, kai ka ce kamfanin ya riga ya zama nasa.

Na dubi takardar cinikin. Sa hannun Siddiƙ, wanda muka kafa kamfanin tare, na nan a ƙasa.

Shi kuwa yana tsaye bakin taga ya ba ni baya, yana kallon kwalaben man gyaɗarmu da shaguna suka dawo mana da su, an jibge har rabin bango.

"Siddiƙ... kai ma ka yarda a saida?"

"To mi yar rage?" ya ce, bai juyo ba. "Banki, babana Malam ya ce kuɗɗin ruwa ba su shiga gidanai. Masu zuba jari sun ce mu nuna musu ciniki. Ga cinikin nan jibge kina gani."

"Ƙanwata, taimakonku nika yi," in ji Yaya Gazali. "Wa ka sayen kamfanin da kayanai ba su fita, in ba ɗan'uwa ba?"

Na ajiye biron.

"Ku ba ni kwana ukku."

Ban jira amsa ba na fice, don hawayen da nake riƙewa ya riga ya fi ƙarfina.

Har yau in na tuna farkonmu sai na yi murmushi. A makaranta muka haɗu a Sakkwato. Ni jikar masu tuyar ƙuli-ƙuli daga Fakku, shi ɗan Malam Ubaidullahi mai karantarwa a zaure a Tambuwal. Ranar da ya ɗanɗana man da kakata Inna Na'iya ta aiko mini, cikin shinkafa da wake, ya ajiye cokali ya ce, "Wanga mai ya fi ƙarfin kwano guda, duniya ya kamata ta ci shi."

Ni dai a ranar ban san ko man yake yabo ko mai man ba.

Da tsohon babur ɗinsa muka fara. Shi ya ɗauko jarkoki daga Fakku, ni na shiga gida-gida wurin mata ashirin da bakwai da ke matsar mai, na auna, na biya. Ruwa ya sha dukansa a hanyar Kebbe, ya iso jiƙe sharkaf yana dariya, ya ce, "Sahibata, mai dai bai jiƙe ba!" Ba mu da komai a lokacin, amma wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar shekarar nan ba.

Sai muka ci wata gasar matasa masu sana'a. Kuɗin da aka ba mu muka sayi injin liƙe kwalba. Kowace kwalba da murfi a liƙe, da takarda mai hoto, gwanin kyau. Muka ce mun zama manya.

Daga nan ciniki ya fara ja da baya, mun kuwa rasa dalili.

Babana, Alhaji Sambo, da ma ya ce ba zai karɓi gaisuwar Siddiƙ ba sai sana'ar ta tsaya da ƙafarta. "Ba ni ba da ɗiyata ga mai tara kwalabe," in ji shi. Saboda haka na san abin da ke cikin takardar nan. In na sa hannu, ba injin kaɗai zai tafi ba. Matan Fakku za su rasa mai saye, ni kuma zan rasa Siddiƙ, don Yaya Gazali ya riga ya raɗa mini cewa Siddiƙ ya samu aiki a Abuja, sayarwar kawai yake jira.

Fakku na nufa.

Na tarar da Inna Na'iya a tsakar gida tana murza tunkuza a turmi. Ta dube ni sau ɗaya.

"Wa yam mutu?"

"Kamfani, Inna."

"Au, shi ɗai? Zamna ki ci tuwo."

Na zayyana mata komai ina kuka. Na ce mutane sun daina son manmu. Sai tsohuwar nan ta saki taɓarya ta yi dariya har da tafa hannu.

"Man nawa anka daina so? Ke, ɗiyar nan, karatu ya ɓata ki! Gobe ki raka ni kasuwar Kebbe."

Washegari da hantsi muka shiga kasuwa. Ta ja hannuna har layin masu mai. Can na hango mata sun yi cincirindo a gaban wata rumfa, kowace da kwalbarta ko gwangwaninta.

Na matsa kusa.

Me zan gani?

Kwalabenmu ne a bayan rumfar, da hotonmu da komai. Mai rumfar yana fasa murfin yana tuttule man cikin babbar roba, yana aunawa da ludayi. Mace ta dangwala yatsa ta lasa, ta gyaɗa kai. Ya cika mata kwalba, sannan ta ce, "Gyara fa?" Ya ƙara mata ɗan rabin ludayi. Ta tafi tana murna kamar an ba ta kujerar Makka.

"Malam, man wa na wanga?" na tambaye shi.

"Na Alhaji Gazali na. Rumfa biyar garai, har Sanyinna. Man ba ya kai la'asar."

Wata shida ke nan Yaya Gazali yana kwashe kwalaben da aka dawo mana da su a rabin kuɗi, wai don zumunci.

Inna Na'iya ta matso kunnena.

"Kin gani? Shekara hamsin ina saida mai, ban taɓa sallamar mace ba gyara ba. Ku kun liƙe baki, ba a ɗanɗana, ba a ƙari. Macen da taz zo da kuɗɗin cefanenta, ki miƙa mata abu a rufe kamar maganin asibiti? Ai sai ta ga kin raina ta."

Kunya ta kama ni. A gidan Inna na tashi, da hannuna na sha zuba gyara ina yarinya, amma na je na yi digiri na manta.

Daga kasuwar ban zame ko'ina ba sai zauren Malam Ubaidullahi. Na aika a kira Siddiƙ. Ya fito idanunsa sun faɗa.

"In sallama kika son yi, Ruwaida, na yafe miki tun tuni."

"Sallama? Ba kai za ka Abuja ba?"

"Abuja? Wa nis sani Abuja?" Ya ware ido. "Gazali yac ce min kin gaji, kunya ta hana ki faɗi. Yac ce in ina sonki in sa hannu in sauwaƙe miki."

Na dafe bango.

"Shi ya sa kas sa hannu?"

"Da in gan ki cikin wahala saboda ni, gara in rasa komi."

"Kai wawa na, Siddiƙ!" na ce, ina kuka ina dariya. "Wallahi kai wawa na... kuma ban da wani sai kai."

"Maimaita, sahibata."

"Ba ni maimaitawa, a zauren Malam muke!"

Na nuna masa hoton rumfar a wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ni nik kawo injin nan." Na ce, "Ni kuwa nit tafa maka."

Saura jari. Mun gano ciwon, amma ko kuɗin jarka goma ba mu da shi.

Inna Na'iya ce ta tara matan nan ashirin da bakwai a tsakar gidanta. Ba su da kuɗi, amma kaka ta yi, kowace da gyaɗarta a ɗaka. Ta ce kowace ta kawo abin da za ta iya, ba sayarwa ba, ba rance ba. In an ci riba a raba, in an faɗi a faɗi tare. Ita ta fara jawo buhu biyu, wanda na san na ajiyar rashin lafiyarta ne.

"Inna, in munka faɗi fa?"

"Sai mu ci tuwo ba mai. Yau anka fara?"

Da aka kai wa Malam maganar, ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Wanga halas na tsantsa. Ku rubuta ni ma da buhu fuɗu."

Ranar da kwana uku suka cika, Yaya Gazali ya zo da shaddarsa tana ɗaukar ido. Na miƙa masa takardarsa, na ɗora masa kwalbar mai guda a kai.

"Yaya, ba mu saidawa. Ga wannan ka kai rumfarka ta Kebbe."

Ya karɓa. Makullin motar ma a aljihu ya sa shi.

Ba a dare ɗaya muka farfaɗo ba, kada in yi muku ƙarya. Mun sa tankuna masu famfo a kasuwanni, a ɗanɗana, a auna, a yi gyara. Kwalaben da ke zuwa birni kuma muka riƙa ɗaura wa kowace ƙuli-ƙuli uku a wuya. Sai da aka shekara biyu kafin Baba ya kira Siddiƙ ya ce, "Turo magabatanka, mai kwalabe."

Inna Na'iya ba ta ga ɗaurin auren ba. Saura wata ɗaya ta kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abarsa.

Ludayinta na duma yana rataye a ofis ɗinmu, ya yi baƙi saboda shekaru. Bara wasu masu zuba jari suka zo daga birni, yanzu su ke nemanmu. Ɗaya ya ɗaga kwalba ya ce za su shigo da kuɗi mai yawa, amma a cire ƙuli-ƙulin nan, ɓarna ce.

Na buɗe baki zan yi magana, Siddiƙ ya riga ni. Ya tashi ya sauko da ludayin, ya ajiye a gabansu.

"Mai wanga ita ta babbar mai jarinmu," ya ce. "Ta kuwa riga ta hana."

Na juya fuskata wajen taga, don kada baƙi su ga matar shugaban kamfani tana kuka.