Amarya Mai Jaka

"In za ki zubar, a tsugune kike yi ko a tsaye?"

Sai da na ɗago na kalli Armiya'u da kyau. Mutum ya taso tun daga Zurmi har Kaura, bikinmu ya matso, amma hirar da ya zo da ita ke nan.

Tun da taifot ya huda min hanji, likitoci suka fitar da hanyar bahaya ta gefen cikina suka manna jaka, bakin Armiya'u ya manta da "rabin raina". Kullum maganar bayi. Na gaya masa ba na bari ta cika, tun ba ta kai rabi ba nake zubarwa. Na ce tsuguno yana matse ta, gara in zauna in buɗe bakinta tsakanin ƙafafuna. Na ce ina fara jiƙa bakin masai don kada abin ya manne, in na gama in ɗauraye bakin jakar da buta. Har ledar da nake yawo da ita, mai sabuwar jaka da sabulu da tsumma, sai da ya leƙa.

Ga shi tun zuwan Shari'a Baba ya ce zance a zaure, ƙofa buɗe, kowa nesa da kowa. Armiya'u yana can gefe yana juya guntun gawayi a hannu.

"Hamdiyya, ɗan tsaya jikin bango."

Nan fa raina ya ɓaci. Na san mahaifiyarsa, Inna Uwani, ta rantse ba za ta haɗa bayi da amarya mai jaka ba. 'Yar kawunsa Saliha, mai son sa tun tuni, tana yawo da cewa ba ni da sallah, alhali malam ya ce mai lalura ce ni, in zubar in sake alwala kowace sallah.

"In ƙyamata kake yi, faɗi... Ni ba buhun gero ba ce da za ka dinga aunawa!"

Na miƙe zan shige. Ya ja zane biyu da gawayin a bango, daidai gwiwata da ƙuguna, ya yi sallama. Bai ƙara zuwa ba, ni kuwa na sha kuka har na gaji.

Ranar jere Gwaggo Maijidda ta dawo daga Zurmi tana huci. Wai ango magini guda, ɗakin amarya ko shafe babu, ya ƙarar da siminti a bayi. Ta ce a ɗaga biki. Amarya ba ta zuwa jere, na sani, amma washegari na zura hijabi na bi Gwaggo cikin motar mata.

Bayi ne sabo, nawa ni kaɗai. Dakali mai rami a tsakiya. Randa da buta a kusa da hannu, ƙusar rataye hijabi, 'yar kanta ta ajiye jakunkuna, taga a sama, sakata a ƙofa. Ga madubi a ƙasa, inda zan ga bakin abin in zan canza jaka.

Na zauna. Ƙafafuna suka taka ƙasa cif.

"Ba halin in matso in auna ki," in ji Armiya'u daga bayan katanga, "shi ya sa na auna bangon zaurenku."

Hawaye suka ƙwace min. Ina fitowa na tarar da Inna Uwani tana leƙe, ta dafa gwiwa.

"Ni da gwiwa ke damuna shekara da shekaru, ɗan nan bai taɓa gina min ba." Ta kau da kai. "In kin tare... kya riƙa ara min?"

Gwaggo ta yi tsaki ta ce a shigo da gado, a yi jeren haka nan.

"Rabin raina..." Armiya'u ya kira a hankali. Na lumshe ido, na ce yau dai zan ji mai daɗi.

"Madubin bai yi sama ba?"