Tiyatar Da Ba Ta Bar Tabo Ba

Har gobe tana tuna ranar da ta fara ganinsa. Ciwon kai ne ya kai ta teburinsa na tabarau a bakin titi, ta ɗauka yawan karatu ne ya gajiyar mata da ido. Ta gwada wannan ta gwada wancan, sai ya karɓe ya mayar cikin akwati.

"Malama, idonki lafiyarsa ƙalau. Ba zan sayar miki ba."

"To kai wane irin ɗan kasuwa ne?"

"Irin wanda yake so ki dawo gobe."

Ta kuwa dawo. Sunan Malama ya bi ta har ɗakin aurenta, ciwon kan ma ya biyo ta.

Bayan shekara al'adarta ta ɗauke, ruwan nono ya fara ɓata mata riga. Inna, mahaifiyar mijin, ita ta fara lura wajen shanya. Kafin la'asar dangi kaf sun ji. Inna ta sa aka ɗinko kayan jarirai, ta hana Malama ɗaga ko da bokiti.

A asibiti aka ce babu ciki. Da aka yi mata hoton kai, likita ta juyo musu da kwamfuta.

"Kun ga nan, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa? Akwai wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake, ita ke ba jiki umarnin al'ada da nono. Ƙari ne ya fito a kanta. Ba kansa ba ce, amma shi ke yi wa jikinki ƙarya."

Suka faɗa wa Inna. Ta taɓe baki.

"Ƙari a kai ya kawo nono a ƙirji? Kai yaro, ni fa na haife ka! Ciki ne ya kwanta, zai tashi."

Ƙwayoyin da aka ba Malama suka riƙa sa ta amai, Inna na murna tana cewa laulayi ne. Da maganin ya ƙi karɓar ta, likita ta ce a yi tiyatar haske: babu wuƙa, babu yanka, haske ne daga kusurwoyi da yawa zai haɗu a kan ƙarin kaɗai.

"Amma ku sani," in ji ta, "ba ya narkewa rana ɗaya, sai a hankali. Wataƙila ki sha magani har tsufa. Haihuwa kuma tana yiwuwa, sai dai ban yi miki alkawari ba."

Ranar aikin aka yi mata allurar kashe zafi, aka ɗaure mata wani ƙarfe a kai don kada ya motsa. Ta kwanta, gadon ya shige da ita cikin injin. Ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta. Da yamma ta shigo gida da ƙafarta.

Inna ta miƙe tana ƙare mata kallo.

"Ina bandejin?"

"Babu, Inna. Da haske aka yi."

"Ina aka yanka?"

Malama ta ɗaga ɗankwali ta nuna 'yan ɗigo biyu a goshi, inda ƙarfen ya kama.

"Wannan? Cizon sauro ma ya fi shi!" Inna ta nuna ta da yatsa. "Tiyatar kai, ko aski ba a yi ba? Wallahi ba kanki aka taɓa ba. Kun je kun zubar min da jika!"

"Inna, don Allah..." in ji mijin.

"Rufe min baki! Ta karance littattafai ta karance ka."

Daga ranar gidan ya yi mata duhu. In ta gaida Inna, sai ta amsa wa bango. Ƙannen miji suka daina cin abin da ta dafa. Kayan jariran nan Inna ta jibge su a ƙofar ɗakinta, kullum sai ta tsallake su za ta fita. Da an yanka ta, da an zo dubiya. Sau da yawa takan tsaya gaban madubi tana kuka, tana fatan da an bar mata tabo ko na ɗan yatsa ne.

Wata safiya ta tare mijin yana goge tabarau.

"Pilis ka sawwaƙe min. Uwa ɗaya gare ka, ni kuma ko haihuwar ba tabbas."

"Malama, ki yi min alkawari ba za ki tafi ba."

Ta kawar da kai. Ya sake roƙo, ta ƙi yin alkawarin. Da ya fita ta haɗa jakarta ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta tafi ba, ba ta kuma kwance jakar ba.

Watanni suka shuɗe. Ranar da za a sake hoton, ta jiyo mijin a tsakar gida.

"Inna, ki biyo mu. In kin gani da idonki kika ce ƙarya ne, ni da kaina zan mayar da ita gidansu."

Maganar ta soki Malama, amma ta haɗiye.

Likita ta jera hoton da da na yanzu. Inna ta gyara tabaran da ɗanta ya yi mata, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. A na farko ga dunƙulen nan ɓaro-ɓaro. A na biyu ya motse.

"Wannan abin ne a kanta tun farko?"

"Shi ne, Mama. Ciki kuwa ba ta taɓa yi ba."

Inna ta janye fuskarta daga gilashin. Can ta ce, "To ai da sai a faɗa min."

Malama ta dubi mijinta. Dariya da kuka suka taho mata tare, ta danne su duka.

Inna ba ta ce a yafe mata ba, ba ta kuma taɓa cewa ba. Sai dai da suka koma gida ta durƙusa ta kwashe kayan jariran tana ninkewa.

"Zan ajiye su. Ba ruɓewa suke ba." Ta ɗago. "Ke kuma kin sha maganinki?"

Haka mutane suke: ciwon da ba su ga jininsa ba, ba sa tausayinsa. Masu zargin mara lafiya su ji tsoron Allah, domin raunin da baki ya yi ya fi na wuƙa daɗewa. Mai haƙuri kuma gaskiyarsa tana zuwa, ko da ta iske zuciya ta gaji.

A ɗaki Malama ta jawo jakar ta dire a gabansa.

"In da ƙarin bai motsa ba fa? Da ka kai ni?"

"Da na kai ki mana. Na shimfiɗa teburina a ƙofar gidanku, in ga mai tashina."

Ta harare shi, hawaye na zuba. Sannan ta zuge jakar ta zazzage kayan a kan gado.

"Mai tabarau, saurara, sau ɗaya zan faɗa. Da haihuwa ko babu, da Inna ta so ni ko ta ƙi, na yi maka alkawari ba zan tafi ba."